Shawara ga 'yan mazan jiya masu kama sabon aiki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Da yawanmu nan Bauchi mun ajiye kaki mun kama aikin gadi ko tuƙi a kamfanoni, kuma akwai maganar da masu ɗaukar aiki suka saba yi: “Baba, ai kana karɓar fansho, ɗan alawus ya ishe ka.” Kada ku yarda. Fanshon da Hukumar Fanshon Soja ke biya haƙƙin aikin da ka gama ne, babu ruwansa da albashin sabon aiki.

Kafin komai, nemi takardar ɗaukar aiki. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Duba albashi, awannin aiki da hutu. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne a wata, sai dai dokar ba ta hau wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba.

Abin da aka fi yin sakaci da shi kuwa fansho na biyu ne. Sojoji ba sa cikin tsarin fanshon karo-karo, shi ya sa yawancinmu ba mu da asusun ajiyar fanshon. In kamfanin na da ma'aikata 15 ko fiye, dokar fansho ta 2014 ta wajabta masa zuba maka kwatankwacin kashi 10 cikin 100 na albashinka a asusun, kai kuma a cire maka kashi 8. Buɗe asusun, ka riƙa duba saƙon waya, don wasu sukan cire kuɗin su ƙi turawa.

In aka danne maka haƙƙi, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana zama a nan Bauchi. Je da takardar da shaidar biyan albashinka.