Yadda 'Yan Sa Kai Za Su Haɗu Su Rubuta Tarihin Yaƙe-yaƙen 1903 a Wikipedia ta Hausa

Tsakanin Fabrairu da Yulin shekarar 1903 aka yi gwabzawa da Turawan Ingila, wadda ta kawo ƙarshen mulkin Daular Usmaniyya ta Sakkwato mai cin gashin kanta. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, a ƙarshen watan aka kara a Kwatarkwashi inda Wazirin Kano Ahmadu ya kwanta dama, Sakkwato ta biyo baya ranar 15 ga Maris, sannan ranar 27 ga Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi da ke ƙasar Gombe. Mai neman bayanin waɗannan a Hausance a intanet sau da yawa fassarar gaggawa yake tararwa, wadda aka kwaso daga Turanci ba tare da an duba tushenta ba. Aikin gyara wannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya, amma editoci huɗu ko biyar da suka fahimci juna za su iya.

Kafin a rubuta ko jimla ɗaya, a buɗe shafin aiki guda wanda kowa zai riƙa komawa gare shi, a jera muƙalun da ake son samarwa, a kuma bincika waɗanda aka riga aka fara don kada a maimaita. A nan ne ya kamata a yanke shawara kan sunaye, domin su ne ke fara rikita aiki. Burmi takan fito a rubuce da Bormi ko Mbormi, Kwatarkwashi kuma da Kotorkoshi, saboda haka sai a zaɓi rubutu ɗaya ya zama sunan muƙala, sauran a mayar da su shafukan da ke tura mai karatu can. Attahiru biyu ne: Attahiru ɗan Ahmadu wanda ya yi yaƙin ya yi hijira, da Muhammadu Attahiru na biyu wanda aka naɗa bayan Turawa sun shiga Sakkwato. Haka nan Sarkin Kano Aliyu Babba, wanda Kanawa ke kira Alu, ba shi ne Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello ba, wanda ya rasu tun 1859. A Burmi ma sau biyu aka gwabza, domin a watan Mayu mutanen garin sun kori rundunar farko da ta zo musu, sai a Yuli aka ci garin.

Rabon aiki shi ne inda yawancin ƙungiyoyi ke yin kuskure, domin abin da ya fi sauƙi shi ne a ce wane ya ɗauki Kano, wance ta ɗauki Burmi, kowa ya tafi. Shawarata ita ce a raba aikin bisa nau'in madogara. Wanda ya iya Larabci da ajami ya riƙe ɓangaren rubuce-rubucen malamai da wasiƙun sarakuna da aka buga, mai ƙarfi a Turanci ya riƙe rahotannin Lugard, shugaban Turawan mulkin mallaka a Arewa, da hafsoshinsa, na uku kuma ya bi littattafan masana tarihi na baya-bayan nan, irin na Murray Last a kan Daular Sakkwato da na R. A. Adeleye a kan dangantakar daular da Turawa daga 1804 zuwa 1906. Idan akwai mai jin Faransanci daga Maraɗi ko Damagaram, to an yi babban kamu, domin a daidai lokacin Faransawa na mamaye arewacin ƙasar Hausa, kuma abin da ya gudana a can yana da hannu a lissafin da Ingilishi suka yi. Ta wannan hanya kowace muƙala za ta bi ta hannun mutane uku ko huɗu kafin ta fito.

Dalilin wannan tsari yana da nauyi, kuma ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya riƙe shi. Mafi yawan bayanin da ke da kwanan wata da alƙaluma game da waɗannan yaƙe-yaƙe daga alƙalamin waɗanda suka ci yaƙin ya fito, kuma sun rubuta shi ne don su gamsar da manyansu a Landan cewa abin da suka yi ya zama dole. Mamatansu sun ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, har da suna idan Bature ne, kamar Manjo Marsh da ya mutu a Burmi, amma yawan dakarun sarakuna da waɗanda aka kashe daga cikinsu ƙiyasi ne na wanda ya hango fili daga bayan bindiga mai ruwa. Saboda haka kada a taɓa rubuta irin wannan adadi kai tsaye kamar tabbataccen abu. A ce rahoton Kanar Morland, jagoran rundunar da ta ci Kano, ya ƙiyasta kaza, idan wani masani ya kawo wani adadi daban a ambace shi da sunansa, a bar mai karatu ya ga saɓanin da idonsa. Akwai kuma gaskiyar da ba ta da daɗin rubutawa amma wajibi ce ta shiga, wato galibin sojojin da suka fasa ganuwar Kano 'yan Afirka ne, cikinsu har da Hausawa masu yawa, Turawa kuwa hafsoshi ne da ke ba da umarni.

Adalcin da ake nema ga rahoton Bature shi ake nema ga namu. Edita na iya yin imani a zuciyarsa cewa waɗanda suka mutu a Giginya, filin da aka yi yaƙin Sakkwato, da Burmi shahidai ne, amma muryar kundin ilimi za ta ce an kashe su a fagen yaƙi, sannan ta bayyana cewa al'ummar Musulmin yankin na ɗaukar su a matsayin shahidai, tare da madogara. Wannan horon zai fi amfani idan aikin ya faɗaɗa zuwa yaƙe-yaƙen cikin gida, domin Bagobiri daga Tsibiri da Basakkwace ba lallai su kalli yaƙin Gawakuke na 1836, wanda aka yi tsakanin Gobirawa da Sakkwato, da ido ɗaya ba, kamar yadda zuriyar Tukurawa da ta Yusufawa, ɓangarori biyun da suka yi rikicin sarauta, ke nan da ransu a Kano har yau, shekaru fiye da ɗari bayan basasar da ta ɓarke a 1893.

Abin da ya fi ɓata wa sababbin editoci rai shi ne batun labarin baka. Mutum zai ce kakansa ya ba shi labarin yadda jama'a suka bi Attahiru zuwa gabas, kuma labarin na iya zama gaskiya tsantsa, sai dai Wikipedia ba ta karɓar abin da ba a wallafa ba, domin wani edita ba shi da hanyar da zai tabbatar da shi. Kada a kori mai irin wannan labari, a ba shi aikin nemo inda aka riga aka rubuta makamancinsa. Sassan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Danfodiyo sun daɗe suna tattara hirarraki da dattawa, kuma Arewa House da ke Kaduna da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato wurare ne da ɗan ƙungiyar da ke kusa zai iya zuwa da ƙafarsa. Duk abin da aka samo a rubuta sunan marubuci da shekara da lambar shafi nan take, don manazarta marar lambar shafi ba ta taimakon mai dubawa.

Kwanan wata na buƙatar kulawa ta musamman, tun da malamai da Hijira suke lissafi, kuma shekarar 1321 ta shigo ne a ƙarshen Maris na 1903. Ke nan Kano da Sakkwato sun faɗi a 1320, Burmi kuwa a 1321. A riƙa rubuta Miladiyya, a ƙara Hijira a inda madogara ta kawo ta.

Rubutun kansa a fara shi a shafin gwaji, a bi tsari ɗaya a dukan muƙalun: musabbabi, rundunonin ɓangarorin biyu da makamansu, yadda aka gwabza, sannan abin da ya biyo baya. Wanda bai sa hannu a daftarin ba shi zai karanta shi, ya buɗe kowace madogara ya tabbatar ta faɗi abin da aka jingina mata. Idan saɓani ya taso, a kai shi shafin tattaunawa, kowa ya sa hannu a ƙarshen maganarsa, kada a shiga soke gyaran juna. Hotunan ganuwar Kano da kayan yaƙi irin su sulke da lifida da kwalkwali, wanda ya ɗauka da wayarsa ya ɗora su a Wikimedia Commons, ma'ajiyar hotunan da Wikipedia ke amfani da su, amma a nemi izinin ma'aikatan gidan tarihi kafin a ɗauki hoto a ciki, kuma kada a kwafo na wani daga Facebook.

Bayan an wallafa, a haɗa muƙalar da takwarorinta na sauran harsuna ta Wikidata, rumbun bayanan da ke haɗa muƙalu, kowane ɗan ƙungiya kuma ya sa ta cikin jerin shafukan da yake bibiya. Muƙalar da ya dace ta biyo bayan Burmi ita ce ta Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Attahiru, wanda ya ci gaba da hijirar har Sudan, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake a bakin kogin Nilu. Don wannan sai ƙungiyar ta nemo edita daga cikin Hausawa da Fulanin Sudan, wanda zai iya karanta abin da aka wallafa a can da Larabci.