Kurakuran da iyaye ke yi idan suka zaunar da yara aikin hannu a cikin ɗaki

Akwai ranakun da yaro ba shi da hanyar fita: ruwan Agusta ya tsuge tun hantsi, ko ƙurar hunturu ta tayar wa mai asma da tari, ko ƙarambau ta kwantar da ɗaya aka hana sauran shiga maƙwabta. Wanda ya yi zaman kullen korona na 2020 da yara a gida, makarantu a rufe wata da watanni, ya san yadda gida ke komawa. A irin wannan rana ake tuno da aikin hannu. Sau da yawa kuwa zaman yakan watse da kuka ko da faɗa kafin a je ko'ina, uwa ta ce yaran nan ba su da natsuwa. A ganina yawancin laifin namu ne, mu manya.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓata zaman shi ne babba ya karɓe aikin. Yaro yana haɗa motar kara, tayar ta karkace, sai uba ya ce "kawo nan, ba haka ake yi ba." Cikin minti biyar mota ta miƙe tsaf, yaro kuma ya koma ɗan kallo, daga nan ya tashi ya je ya tsokani ƙanwarsa. An samu mota mai kyau, amma abin da aka zauna dominsa, wato hannun yaro da hankalinsa su kasance a kan wani abu, ya tafi. Gyaran shi ne kowa da nasa. Uwa, ki ɗauki naki karan ki zauna gefensa ki riƙa yin taki motar a hankali yana gani. Idan ya tambaya ki nuna masa a kan taki, kada ki taɓa tasa. Idan tayar ta cire, ki tambaye shi me yake ganin zai riƙe ta. Zai gwada tsinken tsintsiya, ya karye, ya gwada ɓawon kara, ya zauna. Wannan gwaje-gwajen shi ke cinye sa'a guda, kuma shi ne karatun. Haka ma yabo: "kai, ya yi kyau" da ake jefa wa yaro ido na kan waya ba ya gamsar da shi. Ki tambaye shi wa zai tuƙa motar, ina za ta, me ta ɗauko. Sau da yawa amsar ce za ta haifar da aiki na gaba, don motar da za ta Dawanau ɗaukar hatsi tana buƙatar buhuna, sai a nemo tsumma.

Wasu kuma ba sa farawa sam, saboda sun ga bidiyo a Facebook ko TikTok inda ake aiki da takarda mai ƙyalli da gam na bindiga, sun ɗauka sai an je kanti. Gidan Bahaushe cike yake da kayan aiki. Akwai kara da totuwarsa mai laushi da ake soka tsinke a ciki. Akwai kwalin sabulu da na ashana, marafan robar ruwa da ke zama taya, guntayen atamfa da tela zai ba ki kyauta, 'ya'yan tsamiya da ƙwallon dabino na jera zane a kan kwali, kaba ta saƙa ƙaramin mafici. Gam kuwa, a dama cokali biyu na sitacin rogo da ruwan sanyi kaɗan, a zuba tafasasshen ruwa kofi guda ana juyawa har ya yi kauri kamar koko, a bari ya huce. Yana riƙe takarda da kwali sosai. Ƙaro ma idan aka jiƙa shi ya kwana yana yi, shi ne ai ake sa wa tawadar allo. Sai dai gam ɗin sitaci ba ya ajiyuwa, musamman da damina: kwana biyu ya yi tsami ya fara hunhuna. A dama na yini ɗaya kawai.

Launi ma yana kicin. Zoɓo da aka jiƙa da ruwa kaɗan yana ba da ja mai duhu. A raba shi gida uku: a bar ɗaya yadda yake, a matsa lemun tsami a na biyu ya ƙara haske, a ɗiga ruwan kanwa a na uku, yara su ga ja ya rikiɗe ya koma shuɗi-shuɗi ko kore-kore a gaban idonsu. Kurkur yana ba da rawaya, idan kanwa ta taɓa shi ya koma ja-ja. Gawayi da aka niƙa ya ba da baƙi. Kuskuren da ake yi a nan shi ne cika ruwa, launin ya fito salam, takarda ta jiƙe ta yage. Ruwa kaɗan, sannan a ɗan sa gam ɗin sitaci a ciki don ya kama. Kurkur kuma ba ya fita da sauƙi daga farin tufa, a sa wa yaro tsohuwar riga tun kafin a fara, ba bayan ya ɓata ta Juma'a ba.

Batun tsince-tsince yana da gefe mai haɗari, kuma nan ne ya kamata a tsananta. Kwalba ko robar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari, irin su fiya-fiya da maganin feshin gona, ba ta zama abin wasa ko an wanke ta sau nawa. Tsohon batir da yara ke fasawa don su samu baƙin garin ciki su shafa a allo, a hana, gawayi ya wadatar. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli, na agogo da na wasu kayan wasa, shi ne mafi muni: idan ya maƙale a maƙogwaron yaro yana iya ƙona naman wurin cikin sa'a biyu, don haka wanda ya haɗiye shi asibiti ake kai shi nan take, ba a jira a ga ko zai fito. Gwangwanin madara ko na tumatir sai babba ya bubbuge bakinsa da guduma ya kwanta. Gam mai kama nan take, wanda ake cewa sufa-gulu, ba na yara ba ne, yana manne yatsu da fatar ido, kuma idan ya zuba a kan auduga yana ɗaukar zafi har ya ƙona fata. Idan ya riga ya manne yatsu, a jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu, a shafa man gyaɗa, a riƙa murzawa a hankali, kada a fizge.

Daga nan sai kuskuren tara yara duka a kan aiki ɗaya. 'Yar shekara tara za ta iya zare da allura, ta ɗinka 'yar tsana ko ta fara koyon kwarashi. Ɗan shekara biyu da ke kusa da ita duk abin da ya samu baki zai kai. Duwatsun wuya, 'ya'yan tsamiya, maɓalli, guntun balan-balan, duk abin da zai shige ramin kwalin da ake naɗe tishu a kai, a nisanta shi daga wanda bai kai shekara uku ba. Shi a ba shi babban kwali da dunƙulen alli, ko tsohuwar jarida ya yi ta yagawa, yagaggun kuma su ne yayyensa za su liƙa. Almakashi sai wajen shekara huɗu, mai dakusasshen baki, babba na zaune. Reza kuwa, wadda da yawanmu muka fere kara da ita muna yara, babba ne zai riƙe, ya feffere ya miƙa.

Yumɓu ya cancanci magana tasa, don shi ya fi riƙe yara, shi kuma ya fi sa su kuka washegari idan suka tarar da tukunyarsu ta dare. Dalili biyu ne. Yumɓu zalla yana tsukewa sosai idan yana bushewa, shi ya sa magina tukwane ke haɗa shi da dakakken tsingaro ko yashi mai laushi. Na biyu, saurin bushewa: yaro ya ƙosa, ya kai rana ko ya bar shi a iskar hunturu, waje ya bushe ciki da danshi, sai tsagewa. A ajiye a inuwa, a rufa da tsumma mai ɗan laima a daren farko, a ba shi kwana uku zuwa huɗu. Abin da aka gina kada ya fi yatsa kauri. A kula da inda ake ɗebo ƙasar: ban da bakin kwata, ban da juji, ban da kusa da inda ake haƙo ko niƙa ma'adini. Gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010 ta ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta shiga jikinsu. Masu son kwaɓin fulawa a madadin yumɓu, kofi biyu na fulawa da kofi guda na gishiri da ruwa kusan kofi guda ne, amma gishirin ya yi yawan da zai cutar da ƙaramin yaro idan ya ci, ga tsadar fulawa. Gidan da ba a son surar mai rai ba su rasa abin ginawa ba: rumbu, murhu, ƙananan tukwane, gida mai zanko, dagin Arewa a kan faifan laka.

Ana kuma kuskuren lokaci. Yaro mai jin yunwa ko barci ba zai zauna ba, kuma wanda aka ƙwace wa waya yanzun nan aka ce "zo ka yi zane" zai ɗauki zanen a matsayin horo. A fara da hantsi bayan karin kumallo, kafin a kunna komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaro ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce sa'a ɗaya a rana yana kallon waya ko talabijin, kuma ya samu aƙalla sa'a uku yana motsa jiki. Wato aikin zaune shi kaɗai ba zai ɗauke yinin ba. Ƙaramin yaro idan ya yi minti goma ko sha biyar ya tashi, bai gaza ba. A bar shi ya yi tsalle a tsakar ɗaki, ya buga ƙwallon tsumma da aka ɗaure ɗazu, zai dawo da kansa idan kayan suna nan a shimfiɗe.

Raba aiki da cewa allura ta mata ce, mota ta maza, ba shi da tushe ko a sana'ar gargajiya, tunda masu ɗinkin aska takwas a babbar riga maza ne. Kowa ya taɓa abin da ya ja hankalinsa.

Sai shara. A shimfiɗa buhu ko tsohuwar tabarma tun farko, a nan kaɗai ake aiki, kuma tattarawa aikin masu wasan ne. Abin da bai kamata ba shi ne su kwanta barci a haɗa motar da ɓawon kara a zuba a shara. A ware musu kwali guda ko saman taga inda kayan za su zauna, abin da ba a gama ba a ci gaba gobe. Idan wuri ya cika, mai abin ne zai zaɓi wanda za a zubar da wanda za a kai wa kaka.