Kwafe yankin tablo: wuraren da ake yawan zamewa

Jiya da marece wani ƙanena da ke zaune Zengou ya turo mini kod ɗinshi ta WhatsApp, wai yaya don Allah duba mini, na kwafe rabin tablo na gyara shi amma na asali ma ya lalace. Wallahi abin ya dame ni don yaron ya kwana biyu a kai, kuma kuskure ne da nike gani wajen kusan duk mai fara koyo.

Lissafi tukuna. Tablo, wato jerin bayanai gida gida ƙarƙashin suna ɗaya, lissafin gidajenshi daga 0 yake farawa, kuma a yaren Python in sunan tablonka farashi ne ka rubuta farashi[2:5] gida na 2 da na 3 da na 4 kawai za ka samu, na 5 ba ya ciki. Cire 2 daga 5, uku ke nan. slice(2, 5) na JavaScript ma haka yake, amma ka kula da splice, harafi ɗaya ya raba su, shi splice yanke abin yake daga tablo na asali gaba ɗaya kuma lambarshi ta biyu yawan abin da za a cire ce.

To ga babbar matsalar, wadda ta kama ƙanen nawa. In ka rubuta b = a ba ka kwafe komi ba, ɗaki ɗaya ne ka yi ma ƙofa biyu, duk ta inda ka shiga kaya ɗaya za ka taɓa. A list, wato tablon Python na yau da kullum, a[2:5] na ba ka sabo da gaske, amma a NumPy, kayan aikin lissafi na Python da ƙanen nawa ke aiki da shi, yankin taga ce kawai kake leƙa tablo na asali da ita, ka canza lamba ɗaya a nan ta canza a can kuma ordinatar ba za ta ce maka uffan ba. Maganinshi shi ne a[2:5].copy(). In kuma list ne cikin list, kamar sunan ɗalibi da makinshi layi layi, na waje kaɗai ke kwafuwa, na ciki har yanzu na tarayya ne, sai ka kira copy.deepcopy.

Masu yaren C kuma, memcpy da ake kwafewa da shi okte (byte, ma'aunin girman bayanai) yake ƙirgawa, ba gidaje ba, in int (cikakkiyar lamba) biyar kake so rubuta 5 * sizeof(int), in wurin da kake kwafowa da wurin da kake zubawa sun hau juna ɗauki memmove.

Na ce mishi ya ƙara .copy() a layin, ya canza lamba ɗaya cikin kwafin sannan ya buga na asali ya gani da idonshi. Bayan isha'i ya turo hoton ekran, komi ya fito daidai.