Kafin ka ƙara fulat na biyu a ƙasar waje: kurakuran da na gaji da gani

Ranar Asabar da ta wuce, bayan ɗaurin aure a Unguwar Rimi, ɗan wani abokina ya ja ni gefe ya miƙo min waya. "Baba, duba wannan. Fulat biyu a Dubai, kashi ɗaya cikin ɗari kawai ake biya duk wata, kuma babu haraji ko sisi." Shi ne mutum na huɗu tun bayan Babbar Sallah da ya nuna min irin wannan hoto mai tafkin wanka da bishiyar dabino. Na gaji da maimaita magana ɗaya a tsaye cikin rana. Ni ba lauya ba ne, ɗan kasuwa ne da ya sa hannu a kan fulat huɗu a waje, ya rasa ɗaya, aka ci shi tara a kan ɗaya. Abin da zan faɗa da aljihuna na koye shi.

Bari in fara da wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. A 2019 na sayi fulat ɗina na farko a Ingila, fam 150,000. Lauya ta turo min dogon fom, a ciki akwai tambaya: kana da wani gida? Na sa "a'a" hankalina kwance. A tunanina gida a Ingila suke nufi. Ina ruwan Bature da gidana na Malali a Kaduna da na gina da bulon hannu? Ashe da ruwansa. Tun Afrilun 2016 Ingila ta ɗora ƙarin harajin kan sarki a kan duk wanda ke sayen gida alhali yana da wani, kuma wannan "wani" a ko'ina yake a duniya, muddin darajarsa ta kai fam 40,000. Gidan Malali ya haura haka. A lokacin ƙarin kashi 3 cikin 100 ne, wato fam 4,500 da ban biya ba.

Allura ta tono garma ne bayan shekara biyu, da na je neman bashin banki don fulat na biyu. Da hannuna na rubuta gidan Kaduna cikin kadarorina, don banki ya ga ni mai hali ne. Sabon lauyan ya jera takardun biyu a kan tebur, ya ɗora biro a kan wancan "a'a" ɗin, ya dube ni ta saman tabarau bai ce komai ba. Na biya kuɗin, na biya ruwan da ya hau kai, na biya tara, na kuma biya shi lauyan ladan rubuta wasiƙar ban haƙuri.

Yau abin ya fi haka zafi. Daga 31 ga Oktoba 2024 ƙarin ya koma kashi 5, sannan tun Afrilun 2021 akwai wani kashi 2 na daban a kan wanda ba mazaunin ƙasar ba. Yi lissafi da kanka. Fulat na fam 200,000: mazaunin can da ba shi da wani gida abin da zai biya ba zai wuce fam 1,500 ba, kai kuwa da ka taso daga Kaduna da gidanka a Barnawa za ka biya fam 15,500. Ba dillalin da zai rubuta maka wannan a jikin hoton talla. Kuma don Allah a daina dabarar nan ta "sai in sa sunan Hajiya". A wannan haraji miji da matar da ke tare mutum ɗaya ne, gidan da aka sa da sunan yaron da bai kai shekara 18 ba kuma na iyayensa ake ƙirga shi. Ni yanzu kafin in taya kowane gida, sai na rubuta wa lauya jerin duk abin da na mallaka, har kangon da na gada a Tudun Wada, in ce ya fitar min da jimillar haraji a rubuce. In bai rubuta ba, ba na tura ko kwabo.

Daga saye sai haya. Mutanenmu na ɗauka tunda ba su zaune a Ingila, hayar tasu ce tsaf. Ejan da ke karɓar maka haya doka ta wajabta masa ya cire kashi 20 ya miƙa wa hukumar haraji ta HMRC, sai fa in ka cike fom ɗin NRL1 an amince a riƙa ba ka kuɗinka cikakke. Amincewar kuma ba yafiya ba ce, kai ne za ka yi lissafin shekara ka shigar kafin 31 ga Janairu. In ba ka da ejan, ɗan hayar da ke biyan sama da fam 100 a mako shi doka ta ɗora wa cirewar, ko da kuwa ɗan ƙanwarka ne da ya je karatu. Ranar da ka sayar kuma kwana 60 gare ka ka sanar da su, ko ka ci riba ko ba ka ci ba.

Masu kulle gida su ce na hutun yara ne: tun Afrilun 2025 ƙananan hukumomin Ingila na da ikon ninka harajin gida a kan gidan da ba mazaunin kowa ba ne. Yawancin fulat a can kuma doguwar haya ce mai ƙidayar shekaru, kamar shekara 99 da ke jikin takardar mallakar filinka ta KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Kaduna. Tambayi shekara nawa suka rage. In sun gangaro kusa da 80, ni juyawa nake.

Yanzu Dubai, inda na ci dukan da ya fi ciwo, kuma inda nake ganin yaranmu na tururuwa kamar an buga gangar rabon zakka.

Gaskiya ne babu harajin kuɗin shiga a kan mutum a can. Amma "babu haraji" da "babu caji" ba ɗaya ba ne. Hukumar filaye ta Dubai na karɓar kashi 4 na kuɗin gida wajen rajista, dillali yakan ɗauki kashi 2, sannan ga kuɗin kula da bene da ake lissafawa da faɗin fulat ɗinka, duk shekara, da ɗan haya ko babu. Fulat biyu, caji biyu. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya kayar da ni shi ne sayen gidan da ke kan takarda, wato wanda ba a gama ginawa ba, da alƙawarin biya da dirhami, ni kuwa naira nake samu a shago.

A tsakiyar 2022 na sa hannu a kan guda biyu a bene ɗaya. Ɗaya ya ishe ni, amma yarinyar da ke tallar ta ce in na ɗauki biyu kuɗinsu zai haura dirhami miliyan 2, in samu bizar zinare, wato izinin zama na shekara 10. Kwaɗayi mabuɗin wahala. A ranar dala tana wajen naira 600 a hannun 'yan canji. Dirhami kuwa a ɗaure yake da dala, kusan 3.67 a kowace dala ɗaya, ba ya motsi. Naira ce ke motsi. Aka saki farashin canji a Yunin 2023, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Kason da nake biya duk wata bai ƙaru da ko fulus ɗaya ba a takardarsu, amma a shagona ya ninka fiye da sau biyu. Ga shi tun Oktoban 2022 Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza, ba a buɗe ba sai Yulin 2024. Ba halin in je in zauna da su ido da ido. Sai saƙon imel da turancin da ba ya jin "a yi haƙuri".

Na tuna daren da na zauna da kalkuleta bayan sallar isha'i, janareta na ƙugi a bayan ɗaki, uwargida ta ajiye tuwo har ya huce. Ko dai in saki ɗaya, ko in cinye jarin shago. Na saki ɗaya. A dokarsu, in ka gaza biya, kamfani zai kai ƙara hukumar filaye, a ba ka kwana 30, daga nan yana da ikon riƙe har kashi 25 na kuɗin gidan in ginin bai kai kashi 60 ba, ko har kashi 40 in ya wuce haka. A lura, kason kuɗin gidan gaba ɗaya ake nufi, ba kason abin da ka biya ba. Abin da ya dawo min, bayan kusan shekara, bai kai kuɗin tsohuwar Corolla ba. Bizar zinaren kuma ta bi ruwa, tunda guda ɗayan bai kai adadin ba.

To ku da kuke turo min hotuna, ku ji da kyau. Wanda cinikinsa da naira yake, bai da hurumin ɗaukar bashin shekara biyar da kuɗin da ke bin dala, sai in rabin kuɗin na kwance a asusunsa na dala tun kafin ya sa hannu. Wasu abokaina na cewa na cika tsoro, sun sayi na kan takarda sun ci riba. Allah ya ƙara musu. Ni dai ginannen gida nake saye yanzu, mai ɗan haya a ciki, in ga rajistar hayarsa ta Ejari da idona. In kuwa ka nace sai na kan takarda, kuɗinka ya shiga asusun amana na aikin, wanda dokarsu ta 2007 ta tilasta, ba asusun dillali ba, ba na wani "ɗan'uwa da ke unguwar Deira" ba, kuma ka karɓi shaidar Oqood, wato rajistar gidan da ba a gama ginawa ba, da sunanka.

Sunanka na ce. Sayen gida da sunan aboki don yana da takardar zama, wannan ba kuskure ba ne, kyauta ce ka yi masa.

Haka masu cewa za su zuba fulat a Airbnb, manhajar ba baƙi hayar 'yan kwanaki: a Dubai sai da lasisin gidan hutu. Fitar da ɗan haya don ka sayar ko ka shiga da kanka kuma sai da sanarwar wata 12 ta hannun notari, jami'in da ke tabbatar da takardu a hukumance, ko wasiƙa mai rajista, ba irin ta nan ba da ake aika yaro ya ce mai gida na son gidansa. Gida a Ingila ba ya ba ka biza ko ta kwana ɗaya. Fotugal ta cire gidaje daga tsarin bizar zinarenta a 2023, Sifen ta rufe nata a Afrilun 2025, Kanada kuma ta hana baƙi sayen gidajen zama a biranenta tun Janairun 2023. Duk dillalin da ke maka tallar waɗannan da tsohon zance, kallon kitse kake wa rogo.

Sai gefen gida Najeriya, wanda kowa ke yi kamar bai ji ba. Mazaunin Kaduna a dokar Najeriya ana duba abin da ya samu ne a duk duniya, kuma hukumar haraji ta jihar, KADIRS, ce ke da fayil ɗinsa. Najeriya da Birtaniya na da yarjejeniya tun 1987 don kada a caje ka sau biyu a kan kuɗi ɗaya, amma ba ta aiki sai da shaidar abin da ka biya a can. Ajiye rasit. Ni hayata ta banki take shigowa, cikin asusun dala, ba ta hannun mai kawo atamfa ba, ko da canjinsa ya fi daɗi. Ƙasashen nan suna musayar bayanan asusun banki a tsakaninsu, da Najeriya a ciki, don haka zancen "wa zai sani" ya tsufa. Ma'aikacin gwamnati kuma ya tuna fom ɗin Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata na tambayar kadarorinsa da na matarsa da na 'ya'yansa ƙanana, na gida da na waje.

Akwai wanda ba mu son zancensa, mutuwa. Na zauna rabon gadon wani maƙwabcina a Kawo, malamai sun gama fitar da tumunin takaba da kason kowa, sai aka zo kan fulat biyu a Landan, aka yi cirko-cirko. Gidan da ke Ingila dokar Ingila ke raba shi in babu wasiyya, ita kuwa ba ta san namiji kashi biyu mace kashi ɗaya ba. Kafin ma a kai ga rabo, akwai harajin gado na kashi 40 a kan abin da ya haura fam 325,000. Fulat ɗaya kan iya tsira, biyu ko uku da wuya. Rufe gidan a cikin kamfanin waje ma ya daina kare shi daga wannan tun Afrilun 2017. A Amurka abin ya fi muni ga baƙo, don rangwamen da ake masa dala 60,000 ne kacal. Na sa lauyan can ya rubuta min wasiyyar da ta bi rabon Musulunci, wani malami a nan ya duba ta, kwafi ɗaya na wurin babban ɗana tare da lambar wayar ejan da ta lauyan. Iyalan maƙwabcin nan shekara biyu suka yi suna aika takardun aure da na haihuwa ana dawo musu da su.

Shi kuwa yaron na Unguwar Rimi, na ce masa ya koma ya tambayi mai tallar abu uku: nawa ne kuɗin kula da bene a shekara, mece ce lambar asusun amana, kuma kashi nawa za su riƙe in ya kasa biya a wata na 20. Jiya ya kira ni. "Baba, ta turo min bidiyon tafkin wankan kuma. Sauran ta ce sai ta tambayi manaja."