Babi na Bakwai: Allurar Mura a Asibitin Unguwa

Darasi na 1: Wace mura?

Ba murar yoyon hanci ta kwana biyu muke nufi ba. Akwai mai tsanani da likitoci ke kira fulu: zazzaɓi, tari, ciwon gaɓoɓi, mutum ya kwanta warwas. Mu a Kumasi mun ga aikinta. A ƙarshen 2017 ta shiga wata makarantar kwana a Asokore Mampong, ɗalibai suka rasu, cibiyar binciken cututtuka ta Noguchi da ke Legon ta gwada ta ce nau'in fulu ne mai suna H1N1.

Ƙwayar cutar tana sauya kama, shi ya sa allurar bara ba ta isar bana. Kowace shekara ake yi, daga jariri ɗan wata 6 zuwa sama. Waɗanda suka fi buƙata su ne masu juna biyu, tsofaffi, masu ciwon suga, asma ko zuciya, da maniyyata aikin hajji.

Darasi na 2: Takarda

Ɗauki Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, da katin inshorar lafiya na NHIS. Ba kowane asibiti ke ajiye allurar ba, don haka tun daga ƙofa ka tambaya ko akwai, kuma sidi nawa ne.

Za a miƙo maka takarda da biro. Kada gabanka ya faɗi. Layin farko sunanka ne, mun koye shi a babi na biyu. Inda ake tuntuɓe shi ne wurin ranar haihuwa.

Ɗora Ghana Card ɗinka kusa da takardar. Ga lambobi kashi uku, da ɗan karan tsaye a tsakaninsu, kamar haka: 05/11/1960. Na farko rana. Na biyu wata. Na uku shekara. Wato ranar 5 ga watan 11, Nuwamba, shekarar 1960. Sa yatsa ka bi: rana, wata, shekara. Madalla. Sake bi. Rana, wata, shekara.

Kwafa za ka yi daga katin, lamba bayan lamba, har sifilin da ke gaba. Sifili ba ado ba ne, rubuta shi.

A ajinmu na Aboabo wata Hajiya, mai jikoki goma sha, ta rubuta kwanan watan ranar a wurin ranar haihuwa. Na ce, "Hajiya, ashe yau aka haife ki? Yaushe suna?" Ta yi dariya har da ƙwalla, ta goge, ta gyara. Yanzu ita ke koya wa na kusa da ita. Kai ma za ka iya.

To, ranar haihuwa daga kati. Kwanan watan yau a ƙasa, kusa da sa hannu. Ba ɗaya ba ne.

Haba jama'a! Mako uku muna kan wannan, jiya na karɓi takardu, rabi sun sa wata kafin rana. Baba, kai da ke lissafin buhunan goro da ka ba kuskure, lamba takwas ce za ta gagare ka? Ba ku bitar gida, shi ke nan. Rana, wata, shekara. Rubuta naka sau biyar kafin ka buɗe shafi na gaba.

Darasi na 3: Gaban nas

Kafin ta taɓa ka, faɗa mata in kana zazzaɓi yau, ko wata allura ta taɓa sa maka kumburin fuska ko sarƙewar numfashi. A dantse ake yi, saka riga mai faɗin hannu. In an gama zauna minti 15 kafin ka nemi trotro.

Darasi na 4: A gida

Dantse zai yi tsami kwana ɗaya ko biyu. Allurar ba ta sa fulu. Sai bayan mako biyu take kama jiki.

Darasi na 5

Adana takardar shaida. Baɗi a koma.