Yadda ake tada injin Peugeot 504 da ta shekara da shekaru a ajiye

A unguwannin Jos da Bukuru ba za ka rasa gidan da aka jingine tsohuwar Fijo a gindin mangwaro ba, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi. Motar ta fara fitowa a Faransa a 1968, kamfanin PAN (Peugeot Automobile Nigeria) na Kaduna kuma ya shafe shekaru masu yawa yana harhaɗa ta, shi ya sa har yau kayanta ba sa wuyar samu a kasuwar kayan mota ta Dilimi a Jos. Kuskuren da ya fi kashe irin waɗannan injuna shi ne a ɗaura sabon batir a murɗa makulli nan take. Makulli shi ne aikin ƙarshe.

Fara da buɗe bonet ka yi kallo na tsanaki. Ɓeraye suna cin rigar wayoyi, su yi sheƙa a cikin gidan matatar iska, zanzaro kuma yakan gina ɗakinsa na laka a bakin kabureta ko cikin salansa. Kwashe su da hannu, kada komai ya faɗa cikin maƙogwaron kabureta. Sai ka zaro sandar awon baƙin mai. Idan ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga, kuma aikinka ya wuce na yini ɗaya. Idan kuma yana warin fetur, robar cikin famfon fetur ce ta yage, fetur yana zurarewa cikin injin, sai an sauya famfon.

Yanzu fulogi. Kafin ka cire wayoyinsu, manna wa kowace lamba. Injin 504 mai silinda huɗu yana ba da wuta a jere 1-3-4-2, kuma Peugeot tana fara ƙirga silinda daga baya ne, wajen giya, ba daga wajen fanka ba. Mutane da yawa a nan suke rikicewa, mota ta yi ta harbi ta ƙi tashi. Hure ƙurar da ke ramin kowane fulogi, ka kwance shi a hankali, domin kan injin na alminiyam ne, zarensa ba ya jure ƙarfi. Zuba cokali biyu na man giyar otomatik a kowane rami, ka bar shi kwana biyu ya ratsa ringi, wato zobban da ke jikin fistin.

Bayan kwana biyun, sa mota a giya ta huɗu, mutum biyu su riƙa tura ta gaba da baya kaɗan-kaɗan, kai kuma kana kallon fulin gaban injin. Idan ya juya, alhamdu lillahi. Idan ya ƙi, ƙara mai ka ƙara kwanaki, kada ka ɗaure ta da wata mota a fizge ta, ringi ne zai karye. In ta kama sai an ɗaga kan injin, ka tuna cewa hannayen silindar 504, wato bututun ƙarfen da fistin yake kai-komo a ciki, ba a manne suke da gangar injin ba, zama suke yi a kan siririn hatimi, ruwa yana zagaye su. Duk wanda ya juya injin kai a buɗe ba tare da ya danne su da ƙusa da faffaɗan wosha ba, zai ɗaga su, hatimin ya ɓaci, daga nan ruwa ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai.

Injin ya juya, sai a zubar da tsohon baƙin mai, a sauya matata, a zuba sabo mai lamba 20W-50, wajen lita 4. Ruwan lagireto ma a zubar, a wanke, a matsa kowane tiyo da hannu; wanda ya yi tauri ko ya tsattsage a yar da shi. Ruwan rijiya zalla yana cin alminiyam, don haka a gauraya da ruwan sanyaya inji na kanti. Kanikawa da yawa suna cire tamostat, abin da ke tsare ruwa har injin ya ɗumama, su jefar, wai yana sa zafi. A sanyin Jos na Disamba da Janairu injin da ba shi da tamostat ba ya ɗumama yadda ya kamata, sai shan mai da baƙin fulogi. Mayar da shi.

Tsohon fetur yakan koma ja, ya yi danƙo, yana wari kamar fenti. Kada ko ɗigo ya kai kabureta. Zare tiyon da ya taho daga tanki, ka sa wani tiyon a madadinsa, ka tsoma bakinsa a cikin ƙaramin galan mai sabon fetur, nesa da batir, da abin kashe gobara a kusa. Tankin kuwa a sauke shi a wanke daga baya. Buɗe murfin kaburetar Solex, ka kwashe lakar da ta kwanta a ƙasan kwanon, ka girgiza fulot, abin da ke yawo a kan fetur a cikin kwanon, kusa da kunne: in ka ji mai a ciki, ya huje. Jet-jet ɗin, ƙananan sukurori masu ramin da fetur ke bi, a jiƙa su a tina a hure da iska. Ban da zura allura ko waya, domin tagulla ce, ramin yana faɗaɗa, mota ta dawwama cikin shan mai.

Sai wuta. Cire murfin distirbuta mai raba wa fulogi wuta, ka goge fuskar kwantak, ƙarfen da ke buɗewa da rufewa a ciki, da takardar yashi mai laushi, ka juya injin har ya buɗe iyakar buɗewarsa, ka saita tazarar a milimita 0.40 da filageji, siraran ƙarafan awon tazara. Tazarar bakin fulogi kuma milimita 0.6. Kwandansa ba ta da tsada, sauya ta kawai. Wanda ke da hannu ya duba bawul injin na sanyi: 0.10 na shigar iska, 0.25 na fitar hayaƙi.

Kafin a mayar da fulogi, cire ƙaramar wayar da ke kai wa kwayil wuta, ka shimfiɗa tsumma a kan ramukan, ka buga kik na daƙiƙa goma, ka huta, ka sake, har jar fitilar mai ta mutu a dashbod. Wannan ne yake kai mai ga metal, wato faifan da sandar injin take juyawa a kansu, kafin nauyi ya hau su. Daga nan a ɗaura fulogi, a ja cok, a murɗa makulli. Za ta yi shuɗin hayaƙi na ɗan lokaci saboda man da ka zuba, ba matsala ba ce. Kada ka taka totur da ƙarfi. Bar ta ta ɗumama, idonka a kan allurar zafi da ƙarƙashin mota.

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iskarta ba ta kai ta Legas kauri ba, saboda haka motar da aka saita a can takan yi mai fiye da kima a nan. Idan injin ya gama ɗumama, shigar da sukurun gaurayen mai a hankali har sautin ya fara rawa, sannan ka dawo da shi kamar rabin zagaye, ka tsayar da silo, wato gudun injin ba a taka totur ba, tsakanin juyi 800 da 900 a minti.

Tashin inji ba shi ne izinin hawa titi ba. Man birki yana shan danshi, yana tsatsar da fistin ɗin birki, kuma kulocin 504 ma da irin wannan man yake aiki. A zubar da shi duka, a zuba sabon DOT 4, a fitar da iska daga kowace ƙafa, a sauya tiyon birki na roba. A gefen kowace taya da aka yi daga 2000 zuwa yau akwai lambobi huɗu na mako da shekarar da aka yi ta. Wadda ta haura shekara shida, ko da zanenta bai cinye ba, kada ka gangara Hawan Kibo, gangaren hanyar Jos zuwa Akwanga, da ita.