Darasi na 7: Kalmomin Tafiya da Motsi a Harshen Koriya

A ƙamus ɗin Koriyanci kowane aikatau yana ƙarewa ne da -da, kuma a cikin jimla shi ne yake zuwa a ƙarshe. Biyu da ya kamata mai koyo ya fara riƙewa su ne gada (가다), wato tafiya, da oda (오다), wato tahowa. Idan ana magana cikin ladabi, sai su koma gayo da wayo.

A nan Bahaushe ya samu sauƙin da ba kowane mai koyo yake samu ba, domin tun yana yaro ya saba bambanta shiga da shigo, fita da fito, kai da kawo. Mutanen Koriya ma haka suke yi, sai dai su suna liƙa gada ko oda a bayan wani aikatau. Wanda yake tsaye a ƙofar gida zai ce deureogada ga mai shiga, wanda yake zaune a cikin ɗaki kuwa deureooda zai ce. Haka nagada da naoda suke, fita da fitowa, haka kuma gajyeogada da gajyeooda, tafiya da kaya da kawo su.

Akwai wuri ɗaya da harsunan biyu suka raba hanya. Idan uwa ta kira ɗanta daga madafa, ɗan Bahaushe zai amsa da "ina zuwa", amma yaron Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, zai ce "jigeum gayo", wato yanzu zan tafi, saboda shi daga inda yake tsaye yake auna tafiyar.

Tafiya a ƙasa geotda ce, kuma tana canza kama ta zama georeoyo, don haka sai an haddace ta. Gudu dallida ne, ttwida kuwa tana ɗaukar gudu da tsalle. Hawa bas ko jirgin ƙasa tada ne, sauka kuma naerida.

Kada a haɗa umjigida, motsa jiki ko motsin abu, da omgida, ɗauke abu daga wani wuri zuwa wani, da isahada, wato ƙaura zuwa sabon gida. Wanda ya yi amfani da umjigida yana nufin ya tashi daga gidan haya, za a ɗauka motsi kawai ya yi a inda yake zaune.

Aikin yi: Ɗalibi ɗaya ya tsaya a waje, wani ya zauna a cikin aji, na uku ya riƙa shiga yana fita, kowannensu ya faɗi aikatau da ya dace da inda yake.